Addu'a ga shugabanni ba fadanci ba ce

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama. Na san Musulmi sun fi yawa a nan, kamar yadda yake a ƙasar baki ɗaya. An ce in yi magana a kan abin da addinina na Kirista ya ɗora mini game da shugabanni, to zan faɗe shi yadda na fahimce shi, kowa ya auna da nasa.

Bari in fara da abin da na lura da shi a majami'armu. Duk ranar Lahadi akwai lokacin da ake yi wa shugabannin ƙasa addu'a. Kafin 26 ga Yulin 2023, in fasto ya kai wurin nan, wasu amin ɗinsu har waje ake ji, wasu kuwa sai su sunkuyar da kai kamar an zo musu karɓar bashi. Da mulki ya sauya hannu, sai abin ya juye: masu ƙarfin amin na jiya su ne masu shirun yau. Ni ma ban kuɓuta ba. Shi ya sa na tambayi kaina: wai shugaban nake yi wa addu'a, ko ɓangarena?

A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 2, Manzo Bulus ya sa masu bi su riƙa roƙa wa sarakuna da duk mai riƙe da iko. Ku tuna ƙarƙashin wa yake zaune: Daular Rum. Ba wanda ya zaɓi sarakunanta, kuma ba Kiristoci ba ne. Cikinsu har da Nero, wanda bayan gobarar birnin Rum ta shekara ta 64 ya ɗora wa Kiristoci laifi ya karkashe su. Kafin Bulus ma, Annabi Irmiya ya rubuta wa mutanensa da aka kwashe bauta zuwa Babila cewa su nemi alherin garin da ya ci su da yaƙi. Ke nan ba a ce sai shugaban da ya yi maka ba.

Me ya sa? Saboda abin da shugaba ya yanke a bisa, a tukunyar talaka yake sauka. Mun gani da idonmu a 2023. Da CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wa ya fara jin jiki? Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara, da uwar da ta je sayen magani ta tarar kuɗin ya ɗaga. In na roƙa wa mai mulki hikima, waɗannan mutane nake roƙa wa.

Amma a nan ne wasu ke ɓata, su ce tunda an ce ka yi addu'a, to ka yi shiru. A'a. Annabi Natan ya shiga fada ya faɗa wa Sarki Dawuda laifinsa a kan matar Uriya, ido da ido. Yahaya Mai Baftisma ya tsawata wa Hirudus da ya auri matar ɗan'uwansa, har aka sare masa kai. Saboda haka wanda ya yi wa magajin gari addu'a da safe, yana da bakin tambayarsa da rana: ina harajin kasuwa ya shiga? Me ya sa ba a yashe magudanan ruwa ba kafin damina? Bambancin kawai, tambayarsa ba ta ƙiyayya ba ce. Da wuya ka kira sunan mutum gaban Allah da asuba, da hantsi ka hau Facebook ka zagi uwarsa.

Kada kuma mu tsaya ga manya na Yamai. Mai unguwa, sarki, liman, fasto, shugabar ƙungiyar mata, su ne kusa da mu. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram ranar 16, a Yamai ranar 17, akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci cikin gidajensu. A irin wannan rana, kalma guda daga dattijon unguwa tana iya kashe wuta ko ta hura ta. Ba za mu roƙa masa Allah ba sai wutar ta tashi?

Ga abin da nake roƙonku, matasa 'yan'uwana. Kowa ya zaɓi shugaba guda wanda ba ya so. Mako ɗaya, ka kira sunansa cikin addu'arka, ka roƙa masa tsoron Allah, da hikima, da kunnen jin talaka. Bayan nan ka je ka tambaye shi haƙƙinka, da ladabi, ba da tsoro ba.

Allah ya shirya shugabanninmu, ya shirye mu tare da su, ya zaunar da Nijar lafiya.