Amsoshin Wasiƙunku: Gajeriyar Hanyar Karɓar Cikon Kuɗin Kwangila

Yau wasiƙu biyu muka ɗauko, kuma damuwarsu ɗaya.

Ta farko daga wani magini ne a Boɗinga. Ya ce ya gina wa wani ɗan kasuwa shaguna huɗu, ya miƙa makulli, mai ginin ya sa hannu a takarda cewa akwai ciko a kansa, amma yau shekara guda ke nan sai gobe sai jibi. Ta biyu daga Shagari, wani bawan Allah ya gina rumbun ajiyar albasa bisa cinikin baka, shi kuwa mai rumbun ya ce bango ya tsage, ba zai biya ba. Dukansu suna tambaya: akwai hanyar da kotu za ta karɓar musu haƙƙinsu ba tare da an yi shekaru ana jeka-ka-dawo ba?

To, malamai, akwai. A Babbar Kotun Jiha ana iya yanke hukunci a taƙaice, ba tare da kiran shaidu ba, in dai kuɗin da ake bi sanannen adadi ne, kuma wanda ake bi ba shi da wata hujja ta gaske. Lauyanka zai shigar da ƙara tare da takardar rantsuwa, ka faɗi nawa aka yi ciniki, nawa aka ba ka, nawa ya saura, ka haɗa da takardar yarjejeniya da rasidai da shaidar kammala aiki. Sai a kai masa sammaci. In yana da ja, dole shi ma ya kawo tasa takardar rantsuwar cikin wa'adi. A dokokin bai ɗaya da jihohi da yawa suka ɗauka a ƙarshen shekarun 1980, wa'adin kwana 5 ne kafin ranar zama. Jihohi suna sabunta dokokinsu, don haka lauya ya duba wadda ke aiki yanzu.

In ya yi shiru, alƙali na iya ba ka gaskiya a ranar. In kuma ya zo da "ni ba a bi na komai" kawai, wannan ba ta isa ba. Kotun Ƙoli ta bayyana haka a 1990, a shari'ar Macaulay da bankin NAL: sai mutum ya fayyace hujjarsa dalla-dalla, ba a yarda da kariyar bogi ta ɓata lokaci ba.

Ka ga kai na Boɗinga, wannan riga daidai wuyanka take, tunda sa hannunsa na nan. Amma kada ka ƙara da kuɗin ɓacin rai ko na asarar da ka ƙiyasta da kanka, domin wannan ba sanannen adadi ba ne, zai iya mai da kai doguwar hanya.

Kai kuwa ɗan'uwa na Shagari, mu faɗa maka gaskiya komai ɗacinta. Ba takarda, ga kuma zancen tsagewar bango. Wannan jayayya ce da sai an ji shaidu, wataƙila har a kira injiniya ya duba ko siminti aka rage ko ƙasa ce ta zauna. Haƙƙinka bai faɗi ba, sai dai shari'ar za ta ɗauki lokaci. Shawararmu, ka fara neman sulhu a gaban hakimi ko shugabannin kasuwa. In kun daidaita a kan adadi, a rubuta, ya sa hannu ko ya dangwala, da shaidu biyu. Wannan takarda ita ce makaminka gobe.

Abu biyu a kiyaye. In ƙaramar hukuma ce ke riƙe da kuɗinka, galibi doka na neman a ba ta sanarwa a rubuce kafin a kai ta ƙara. Sannan bin bashi a kotu yana da wa'adi, in ka yi ta kawaici har shekaru suka shuɗe, ƙofa na iya rufewa.

Jama'a, rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kansa ta sauka. Kafin ka aza bulo na farko, a rubuta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.