Na Ƙasan Rami Shi Ya San Inda Kuza Ta Nufa

A jawabin da ya yi wa samari masu haƙar ma'adinai a garin Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa, mai jawabin ya fara ne da tambayar 'yan uwa: su nawa ne a cikinsu suka taɓa ganin bangon rami ya tsage, suka ja bakinsu suka yi shiru don gudun a yi masu dariya?

Ya ce abin mamaki, mutum zai yarda abokin aikinsa ya riƙe masa igiya ya zura shi ƙasa, wato ya ba shi amanar ransa ke nan, amma ba zai iya gaya masa dabarar da ta faɗo masa a rai ba. Dalili kuwa, maigidan rami ya saba da gwasale yara: "Kai yaushe ka zo?" Yaron da aka gwasale sau biyu, a na uku haɗiye maganarsa zai yi, ko da ya ga jijiyar kuza ta karkata, ko ya ji ƙasa ta fara zubowa.

Ya tunatar da cewa tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ke narka kuza, su fitar da ita sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. A ganinsa, ba a kai ga irin wannan gwaninta sai da wani ya gwada ya ɓata, aka ƙyale shi ya sake. Bayan faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985 kuwa, aikin ya koma hannun talakawa da diga da shebur. Babu injiniya a bakin rami, sai idon yaron da ke ƙasa.

Daga nan ya kawo misalin wata igiyar daban. A masana'antar motoci ta Toyota a Japan, ya ce, an ba kowane lebura izinin jan igiya idan ya ga aibi, shugabansa ya taho da sauri, in ta kama a tsayar da layin aikin gaba ɗaya, kuma ba mai hararar sa.

Sai ya nemi iyayen gida su riƙa zama da yaransu bayan an tashi aiki, a fara jin ta bakin ƙaramin cikinsu. Wanda dabararsa ta kawo kuza kuma, a ambaci sunansa a wajen rabon kuɗi, a ƙara masa wani abu a kan kasonsa.