Ciyawar Bakin Rafi

Yau maganar rafi za mu yi.

Duk mun san halin rafi a watan Agusta. Ruwa ya kan taho ja wur. Jan nan ba kome ba ne sai ƙasar gonakinmu. Gari na wayewa mutum ya tarar kunya biyu ko uku na masararsa sun rufta. Sai ya ce rafi ya ci masa gona. To, amma wa ya nome ciyawar gaɓa har bakin ruwa? Mu ne.

Mu gwada da buta. Mu tsiyaya ruwa a gangare inda ƙasa ta ke fili, za mu ga ya sheƙa, ya yi 'yar hanya. Mu tsiyaya a kan kirikiri, sai ya tafi sannu, ya nutse. Haka abin ya ke a rafi. Ciyawa tana tare ruwa, ta rage masa gudu. Masana sun auna: in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ya kan ninka huɗu. Saiwa kuma tana riƙe ƙasa kamar zare a tufa. Gamba tana da kyau. Jema ta fi, don saiwarta tana nutsawa ƙasa fiye da tsawon mutum.

Amma akwai abin lura. Ruwan da ciyawa ta hana gudu a gefe, tsakiya ya ke komawa, ya ƙara gudu can, ya yi ta haƙar ƙasan rafi. In rafi ya matse ƙwarai da kyauro da sarƙaƙiya, ko dai ya zurfafa, ko ya yi ambaliya cikin gonaki. In ya zurfafa kuwa, ruwan fadama ya kan bi shi ƙasa, rijiyar mai lambu ta ƙafe da wuri. Saboda haka ciyawa a gaɓa za mu bari, tsakiya kuwa mu share ta. Itacen da ya faɗa ciki a janye shi kafin damina. Masu ɗibar yashi ma su nisanci gindin gaɓa.

Inda rafi ya yi kwana, mu dubi gefen waje. Nan ruwa ke duka, nan ya ke ci, nan za mu fara shuka.

Ƙasar da ta tafi ba ta komowa. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso, kuma lakar da ya kwasa tana kwanciya har madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978.

Da ruwa ya zauna, mu tsaga tushen jema, mu dasa a jere, tazarar tafin hannu. Mu bar taku biyar daga gaɓa ba noma. Da rani kada a sa wa wurin wuta, a kuma roƙi makiyaya su shayar da shanu a mashaya ɗaya.