Baƙin Taurari a Samaniyar Garinmu



Kowace shekara mukan tattauna batun hanya da rijiya da rufin makaranta, kuma haka ya dace. Bana muna so mu ja hankalinku ga wata dukiya da garinmu yake da ita, wadda birane suka rasa, wato duhun dare. Fitilun birni sun dusashe taurari, har 'ya'yanmu da aka haifa a can ba su san Zara ba, balle Kaza da 'Ya'yanta. Alhali kuwa sama ta yi baƙi waɗanda hannun ɗan'adam ya ƙera, kuma ana ganin wasunsu da ido, ba sai da madubin hangen nesa ba.

Tun 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, ake cilla taurarin ɗan'adam. Mafi girmansu ita ce Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ake kira ISS a taƙaice. An soma harhaɗa ta a 1998, kuma tun watan Nuwamban 2000 ba ta rabu da mutane a cikinta ba. Girmanta ya kai filin ƙwallo, nisanta daga ƙasa kimanin kilomita 400 ne, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Saboda haka takan kewaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai, wato kusan sau 16 a kwana guda.

To, yaya za mu gane ta? Hasken da muke gani ba nata ba ne, na rana ne yake dukanta, kamar yadda yake dukan wata. Shi ya sa ake ganinta bayan magariba ko gabanin fitowar alfijir, lokacin da mu muke cikin duhu, ita kuwa tana can sama rana na haska ta. Takan ɓullo daga wajen yamma ta nufi wajen gabas, fara fat, babu ƙara, babu ƙyaftawa. Mai ƙyaftawa da ja ko kore jirgin sama ne. Wanda ya gifta kamar walƙiya tsakuwa ce ta ƙone a iska. Ita kuwa tashar takan ɗauki 'yan mintoci tana ratsa sama, wani lokaci ta dushe a tsakiyar tafiya, domin ta shiga inuwar duniya. Ba kullum take bi ta kanmu ba, amma manhajar Spot the Station ta hukumar NASA tana faɗin rana da lokaci.

Ƙasar Sin ma tana da tata tashar, Tiangong, wadda aka kammala a 2022, ita ma ana ganinta. Tun 2019 kuma akan ga jerin fitilu suna bin juna kamar ayarin raƙuma. Waɗannan taurarin Starlink ne masu kai intanet, a kwanakin farko bayan harba su. Idan aka ga haka a ƙauye sai jita-jita ta tashi, wannan ya ce aljanu, wancan ya ce alamar bala'i. Maganin tsoro sani ne.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, sannan NigComSat-1R daga Sin a 2011. Shi na biyun an ajiye shi a nisan kusan kilomita 36,000, inda ido ba ya kaiwa. Wa ya ce injiniyan da zai ƙera na gaba ba daga garin nan zai fito ba?

Roƙonmu ɗaya ne. Idan kun kawo yara gida hutu, musamman bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauko, ku fita da su filin makaranta bayan magariba tare da yaran gari. Ku nuna musu, su auna mintocin da agogo, su rubuta a littafi. Wannan darasi ba ya cin ko kwabo, kuma gani ya kori ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya mai da kowa gida lafiya.