Abdu Mumuni, ɗan Tasawa mai aikin rana
(Jawabin da malamin lakwal ya yi a taron ƙungiyar 'yan asalin Isawan)

Mai girma maigari, iyayena dattawa, malamai, da 'yan'uwa da suka komo daga bida domin damina, ina gaishe ku. An ce in yi magana a kan karatun yara. To, zan fara da labarin mutum guda, wanda kowa ya san sunansa amma kaɗan suka san aikinsa.

An haifi Farfesa Abdu Mumuni Jofo a Tasawa, nan kusa da mu, ran 26 ga Yuni 1929. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, sa'an nan ya tafi makarantar William Ponty a ƙasar Senegal, inda Faransa take horar da malamai da ma'aikata. Daga can sai Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon a fannin fizik, watau ilmin zafi da haske da lantarki, jarrabawar da ko 'ya'yan Faransa sukan yi ta faɗuwa. Ya koyar a Dakar da Konakiri. Ya je ƙasar Rasha ya ƙaro sani a kan ƙarfin rana, ya kafa ɗakin bincike na rana a Bamako, kana ya komo gida a 1969 ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL a Yamai. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'ar Yamai. Ya rasu ran 7 ga Afrilu 1991, aka kuma sa wa jami'ar sunansa a 1992. Allah ya jiƙansa.

Me ya yi da ranar nan da take ƙona mu a bazara? Ya ce dukiya ce. A ONERSOL an ƙera tukunyar zafafa ruwa: a shafa wa faifan ƙarfe baƙin fenti, a bi shi da bututu, a rufe da gilashi. Baƙi yana shan zafi, gilashi yana hana zafin fita, ruwan da ya yi zafi ya hau tanki da kansa, ba itace ba gawayi. An ƙera murhu mai madubi kamar babban akushi, wanda yake tara haske a gindin tukunya, da na'urar tace ruwa ta hanyar tururi. Gaskiya ne murhun bai shiga gidajenmu ba. Yana da tsada, kuma uwar gida da maraice take tuƙa tuwo, lokacin da rana ta yi sanyi. Amma matsalar da ya hango tana nan. Iyayenmu da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san yadda daji ya ƙare, kuma har yau 'yan matanmu sukan makara lakwal saboda neman kara da itace. Faifan sola da muke cajin waya da shi, ko wanda yake jawo ruwa a famfo, fasaharsa dabam ce da ta tukunyarsa, amma tunanin ɗaya ne, kuma shi ya riga mu da shekaru da yawa.

Aikinsa na biyu ya fi shafata. A 1964 ya wallafa littafi mai suna L'Éducation en Afrique, inda ya nuna cewa makarantar da Turawan mulki suka kafa ta raba yaro da gidansu, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. Ni da Faransanci aka horar da ni. Ina ƙarami an rataya mini sambol a wuya don na yi Hausa a aji, na wuni ina jin kunya. Yau ni nake riƙe da alli, kuma ina gani da idona: lissafin da yaro ya kasa da Faransanci, in na juya shi da tiyar hatsi da kuɗin kasuwa, nan take ya gane. A 2025 ma hukuma ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ga roƙona. Kowace shekara, da an gama girbi, sai ajina ya ragu. Yaron da yake shirin jarrabawa sai a ce ya bi yayansa Kano ko Agadas. Ban raina bida ba, da ita muke cika rumbu in damina ta gaza. Amma ku 'yan'uwa matafiya, in kun tashi, ku bar mana ƙannenku su ƙare aji shida. Cikin abin da kuke aikowa, a ware na kaye da biro, kuma ƙungiya ta duba yadda za mu sami fitilar sola guda biyu domin karatun dare. Iyaye kuma, a rage wa 'yan mata aiken itace da safe.

Abdu Mumuni ma yaro ne da wani ya bar shi ya zauna a aji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya.