Jadallah Jubara, Mai Ba da Umarnin da Makanta Ba Ta Hana Aiki Ba

Jama'a masu sauraronmu na Khartum da Umdurman da Bahri, da ku 'yan'uwa ma'abota sana'a na Mantiƙa Sinaiya, makanikai da maƙera da masu walda, barkanku da war haka.

Matasanmu na wannan zamani sun shaƙu ƙwarai da wani irin wasan kwaikwayo na talabijin da ake kira almarar kimiyya, wato labaran da ake ƙagawa a kan abin da ilmi bai riga ya kai gare shi ba, kamar jiragen da ke ratsa tsakanin taurari, da mutanen ƙarfe masu magana, da tafiya zuwa zamanin da ya shuɗe ko wanda bai zo ba. Kuma da zarar hira ta biyo ta kan wannan fanni, sai ka ji wani ya ce ai aikin masu dukiya ne da manyan injuna, mu ina mu ina shi. Manufar shirinmu na yau ita ce mu nuna, da hujja daga tarihi, cewa babban jarin mai ba da umarnin fim basira ce da haƙuri, kayan aiki kuwa a baya suke biyowa.

Bari mu fara da misali daga ƙasar Ingila. A ranar 23 ga watan Nuwamba na 1963 gidan talabijin na BBC ya nuna kashi na farko na shirin Doctor Who, wanda ya zama ɗaya daga cikin shirye-shiryen almarar kimiyya mafi daɗewa a duniya, alhali wanda ya ba da umarnin wannan kashi saurayi ne ɗan shekara 24 mai suna Waris Husaini, haifaffen birnin Laknau na ƙasar Indiya, wanda aka haɗa shi da wani tsohon ɗakin ɗaukar hoto mai ƙunci da kyamarori masu nauyi, aka ce ya fitar da wata duniya daga cikinsu. Har ƙarar jirgin da ke ratsa zamani a cikin shirin, wadda masu kallo suka haddace, da mabuɗin ƙofa aka samo ta, aka goga shi a kan wayoyin wani tsohon fiyano, sa'an nan aka sarrafa sautin. Mu ma Hausawa ba baƙi ba ne ga irin wannan tunani, domin tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka tafi da shi yawo cikin sararin samaniya.

Amma fa ba sai mun haye teku ba kafin mu sami abin koyi, gama a nan gida Sudan muna da marigayi Jadallah Jubara, Allah ya jiƙansa, wanda ko da yake ba labarin taurari ya ɗauka ba, rayuwarsa ta tattara dukkan darasin da mai son shiga wannan fage yake bukata. An haife shi a 1920, ya yi karatu a Kwalejin Gordon, wadda daga baya ta zama Jami'ar Khartum, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin soja a sashen sadarwa, inda ya ga yadda Turawan mulki ke nuna wa sojoji majigi domin ƙarfafa musu gwiwa. To, a nan ne ya fahimci cewa hoto mai motsi yana isar da saƙo ga wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba baki ɗaya, ya kuwa ƙudura a ransa cewa wannan makami bai kamata ya tsaya a hannun baƙi kaɗai ba.

Bayan yaƙi ya sami horo a kan ɗaukar hoto, ya shiga sashen shirya fina-finai na gwamnatin Sudan, ya yi ta ɗaukar labaran ƙasa da fina-finan faɗakarwa waɗanda ake zagayawa da su a mota ana haska wa mutanen karkara. A 1955 ya shirya fim mai launi a kan birnin Khartum, wanda ake lissafa shi cikin na farkon irinsa a Afirka, kuma a ranar 1 ga watan Janairu na 1956, sa'ad da aka sauke tutocin Ingila da Masar aka ɗaga ta Sudan, yana nan tsaye da kyamararsa yana adana wa jikoki abin da kakanninsu suka gani da ido. Duk da wannan matsayi bai ɗauki kansa wanda ya gama sani ba, sai da ya tafi Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya ƙaro ilmi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya komo gida ana gab da buɗe gidan talabijin na Umdurman, wanda ya soma aiki a 1962. Daga baya ya kasance cikin magabatan da suka haɗa kan masu shirya fim na Afirka a ƙungiyar FEPACI, tare da irin su Usman Sembene na Senegal.

Jama'a, a shekarun 1970 ne ya yi abin da ya fi kowanne nuna himmarsa, wato ya kafa ɗakin shirya fim na kansa a Khartum, mai suna Studio Gad, a ƙasar da babu masana'antar da zai jingina da ita, babu kuma attajiran da suka saba zuba dukiya a wannan sana'a. Daga nan ne fim ɗin Tajuj ya fito, labarin soyayyar Tajuj da Muhallak na ƙabilar Hamran ta gabashin Sudan, wanda mutane suka gada baki da baki tun zamani mai nisa, mawaƙi Salah ibn al-Badiya ya fito a cikinsa, fim ɗin kuma ya ci lambar yabo a Alƙahira a 1982. Ku dubi hikimar da ke cikin wannan zaɓi: mutumin da ya yi karatu kusa da Holiwud, ya san dabarunsu ciki da bai, da ya tashi yin babban aikinsa sai ya nufi taskar mutanensa, domin ya san cewa mai kallo ba ya sakin zuciyarsa ga labari sai ya ji ƙamshin gida a cikinsa. Duk saurayin da ke mafarkin nuna mana Khartum ta shekara ɗari nan gaba, lalle ne ya fara sanin Khartum ta jiya da ta yau, da harshen mutanenta, da abin da ke sa su kuka da dariya.

Sa'an nan jarrabawa ta zo. A ƙarshen shekarun 1990, yana dab da shekara 80, Allah ya ƙaddara masa rasa ganinsa, ga kuma doguwar shari'a a kan filin da ɗakin aikinsa yake. Kuma duk mai hankali zai yi zaton cewa mai sana'ar hoto idan ido ya tafi, to, sai zaman gida da jan carbi. Jadallah bai yarda da haka ba. 'Yarsa Sara, wadda shan inna ya taɓa tun tana ƙarama amma ta zama gwanar ninƙaya har ta wakilci Sudan a ƙasashen waje, ta kuma karanci aikin fim a Alƙahira, ita ce ta zame masa ido: shi yana tsara fage a zuciyarsa, yana faɗin inda za a kafa kyamara da inda haske zai faɗo, ita tana dubawa tana gaya masa abin da ya bayyana. Da haka suka kammala fim ɗin da suka ɗauko daga littafin Les Misérables na Victor Hugo a 2006, suka mayar da labarin talakawan Faransa ya zama na talakawan Sudan. Ku da ke Mantiƙa Sinaiya kun fi kowa gane sirrin wannan, domin kun san tsohon makanike yakan kasa kunne ga kukan inji ya faɗi ciwonsa tun ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Haka wanda ya yi shekara hamsin yana auna haske da inuwa, aikin ya riga ya zauna masa a ƙwaƙwalwa.

A 2008 aka rushe Studio Gad, a cikin wannan shekara kuma Jadallah ya riga mu gidan gaskiya. Da ba domin Sara ta tsaya tsayin daka a kan faya-fayan mahaifinta ba, har cibiyar Arsenal ta birnin Barlin ta shiga aikin mayar da su cikin kwamfuta daga 2013, da wani babban yanki na tarihin wannan ƙasa ya bi ruwa. Fitinar da ta auka wa birnin Khartum tun watan Afrilu na 2023 kuwa ta ƙara bayyana mana darajar wannan hangen nesa. Ko Ingila mai arziki ba ta tsira daga irin wannan asara ba, domin labarin Marko Polo na Doctor Who, wanda Waris Husaini ya ba da umarnin mafi yawansa a 1964, an shafe faya-fayansa, har yau ba a sami ko kashi ɗaya ba. Ashe adana aiki amana ce dabam, wadda ba ta gaza shirya shi nauyi ba.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan kuka ga yaro yana zana jiragen sama a bayan littafinsa, ko yana harhaɗa mutum-mutumi da guntayen ƙarfe, ko yana ɗaukar ƙannensa wasan kwaikwayo da wayar hannu, kada ku yi gaggawar kiran abin shiririta. Ku sa masa ido da tarbiyya, ku haɗa shi da ilmin addini da na zamani, ku bar shi ya gwada. Ku kuma matasa, wayar da ke aljihunku ta fi kyamarar da Jadallah ya ɗauki ranar 'yancin kai da ita sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba, saboda haka uzurin rashin kayan aiki ya ragu ƙwarai. Abin da ya rage gare ku shi ne neman ilmin sana'ar a wurin waɗanda suka sani, da juriya a kan aiki guda har ya kammala, da ajiye kwafinsa a wuri fiye da ɗaya.

A nan za mu dakata. Allah ya gafarta wa Jadallah Jubara, ya saka wa 'yarsa da alheri, ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, ya albarkaci sana'ar kowane mai nema da guminsa.