Katin Ƙungiya da Nauyin da ke Bayansa

Iyayenmu malamai, dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka tsallako kogi daga Hasahisa, da waɗanda suka taso tun daga Madani, Sinnar, Mai Wurno da Gadarif, sannunku da zuwa Rufa'a, sannunku da hanya.

Akwai tambayar da samarinmu suke yawan yi mana a bakin rumfa: "Baba, in na biya kuɗin ƙungiya, me zan samu?" Tambaya ce ta ɗan kasuwa, don haka da lissafin kasuwa za mu amsa ta.

Mu fara tuna ko mu su wane ne. Kakanninmu sun iso ƙasar nan da ƙafa, wasu a kan hanyar Makka, wasu cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, da yawansu su ne suka tsinci audugar, suna kwana a kambo, suna jiran mai hawasha ya ga dama ya biya. Saboda haka idan ƙungiya ta ce a biya lebura ranar da aka yi masa alkawari, ba baƙon abu ta ɗauko ba. Jikokin leburori ne ke zaune a ɗakin nan, ko da yanzu wasunmu na da lori uku.

Kuma biyan nan riba ce. Duk wanda ya yi harkar riɗi ya san halinsa: in ya nuna ba ya jira, kwana kaɗan kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa. Lokacin ne kowa a Gadarif yake neman hannu, ma'aikata na tsallakowa daga Habasha ta Matamma da Galabat. Su ma suna da nasu littafin a ka. Sun san wanda ya riƙe musu kuɗi bara, sun san wanda ya ba su ruwa mai kyau da abinci, ya kai maras lafiya asibiti. Mun ga gonar da masu yanka suka wuce ta gabanta suka nufi ta maƙwabci, mai ita yana tsaye yana ƙara farashi, ba wanda ya juyo. Manoman da muke saye a hannunsu, da mu kanmu wajen masu dako da direbobi, duk hukunci ɗaya ne.

Sai sikeli da mudu. Wannan ba sai mun daɗe a kai ba: awon saye da awon sayarwa ɗaya ne, kuma kwamiti na da ikon duba na kowa ba tare da sanarwa ba.

Abin da ya fi nuna mana darajar katin nan shi ne yaƙi. A Disamba 2023 wuta ta iso Madani, ta iso garin nan. Muka watse, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu har Habasha. A Fabrairu 2024 layukan waya suka ɗauke, Bankak ya tsaya, mai miliyoyi a asusu ya rasa na burodi. Me ya rage? Suna. Ɗaya daga cikinmu, yana nan zaune, ya isa bakin iyaka ba shi da komai sai rigar jikinsa, wani ɗan kasuwa da bai taɓa ganinsa ba ya ba shi kaya bashi, don kawai dattawa biyu na ƙungiya sun ce, "Namu ne, mun tsaya masa." Haka fatake suka yi tun zamanin ayarin goro zuwa Gwanja: maigida ya tsaya wa baƙo, kalmarsa ta zama jingina. Amma ba za mu tsaya wa wanda bai yarda a bincike shi ba.

A wannan lokaci ne kuma muka yanke shawara mafi ɗaci: ɗan ƙungiya ba ya sayen kayan da aka wawashe daga gidajen mutane da rumbunansu, komai arharsu. Wasu sun ga riba tana wucewa ta gabansu sun runtse ido. Wasu ba su iya ba, muka dakatar da su, cikinsu har da waɗanda muke cin tuwo kwano ɗaya. Ba mu ji daɗi ba. To amma yau mutane suna dawowa gidajensu, kuma suna tambaya wa ya sayi me.

Ba su kaɗai ke tambaya ba. Masu sayen ƙaro da riɗi da zoɓo a waje yanzu suna son sanin daga ina kaya suka fito, wa ya yi aikin, ko akwai ƙananan yara a ciki. Sudan ta amince da yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana sa yara aiki mai cutarwa. Mutum ɗaya da buhu hamsin ba wanda zai saurari rantsuwarsa. Ƙungiya mai littafin da aka rubuta sunan manomi, ƙauye, awo da abin da aka biya, ita ake saurara. Kuma yaro ya taya babansa jiran rumfa bayan makaranta daban, a ɗora wa ɗan shekara goma buhu daban. Kowa ya san bambancin.

Saura magana ɗaya da ba mu gama ba, kuma gara mu faɗa da bakinmu: shel. Har yanzu akwai a cikinmu masu ba manomi kuɗi da damina lokacin da yunwa ta matse shi, su karɓi amfanin gona da kaka a farashin da su kansu suke jin kunyar faɗa. Sun ce su ma suna ɗaukar kasada, in ruwa ya yanke ko jine ya faɗi su ke asara, kuma da gaskiyarsu a wani ɓangare. Shawarar da ke gabanmu ita ce a rubuta kowane irin wannan ciniki gaban shaidu biyu, a kuma sake duba farashin ranar awo. Bayan sallar la'asar za a ƙirga hannu a kai. Wanda bai yi rajista ba yana iya zama ya saurara, magatakarda kuma yana bakin ƙofa da littafi.